Taska ko rumbu? Ina neman sunan ɗakin adana tsofaffin shirye-shiryen rediyo

Jama'a, kalma nake nema. Wurin da ake adana tsofaffin shirye-shiryen rediyo don na baya su ji, wanda Turawa ke kira sound archive, me za mu ce masa da Hausa? Mu a Jos abin ya shafe mu, tunda a garin nan ne Hukumar Fina-finai ta Najeriya ke da wurinta na adana fim da bidiyo da sauti, amma duk wanda ka tambaya sunan wurin sai ya juya harshe zuwa Turanci.

Amsoshin da suka shigo su ne laburare, gidan tarihi, ma'ajiya, rumbu da taska. Ukun farko ba za su ci mana lokaci ba. Laburare a gidan rediyo shi ne inda mai gabatarwa ke arar faifai yau ya mayar gobe. Gidan tarihi kuwa, ka faɗa wa ɗan Jos sai ya nufi wancan da aka buɗe a 1952 kusa da gidan namun daji, ya je kallon gumakan Nok. Ma'ajiya ta yi faɗi da yawa, ai sito ma ma'ajiya ne. Gardamar tana tsakanin rumbu da taska, kuma ba za ta yanke ba sai mun duba yadda shirye-shiryen da suka tsira suka tsira.

A Amurka, inda rediyo ya yi tashe tun daga shekarun 1920 har talabijin ta ƙwace masa masu sauraro a shekarun 1950, kai tsaye ake yin kusan komai. Manyan kamfanoni irin su NBC da CBS ba su yarda a sa abin da aka naɗa ba. Har ta kai 'yan wasa su yi wasan kwaikwayo ɗaya sau biyu a dare guda, na biyun domin mutanen yammacin ƙasar da ke bayan na gabas da awa uku. Shi ya sa mafi yawan abin da aka watsa a shekarun 1920 ya bi iska.

Abin da aka naɗa ma, ba don tarihi aka naɗa shi ba. Mai talla yana son shaidar cewa an karanta tallarsa, ko kuma ana so a aika shiri ga ƙananan tashoshi. Faifan da ake amfani da shi babba ne, faɗinsa inci 16, kowane gefe yana ɗaukar kusan minti 15. Daga 1934 aka riƙa yin sa da farantin alminiyam da aka shafe da wani irin fenti mai laushi wanda allura ke yankawa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, alminiyam ya tafi ƙera jiragen sama, sai aka koma gilas. Ku yi tunanin jawabin shugaban ƙasa a kan gilas, hannu ɗaya ya kuɓuce shi ke nan. Wanda bai fashe ba kuma, in ya daɗe sai ka ga wani farin gari ya fito masa kamar fumfuna, fentin ya tsattsage yana ɓarewa daga farantin, muryar tana zubewa ƙasa da ɓawon.

Wani abin da ya ceci shirye-shirye masu yawa shi ne rediyon sojojin Amurka da aka kafa a 1942. Suna ɗaukar shiri, su cire tallar, su buga shi a faifai da yawa su aika wa sojoji a fagen daga. Kwafi ya watsu a duniya, kuma shirye-shirye da dama a waɗannan kwafin kaɗai aka same su daga baya.

To ga inda rumbu ya shigo. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin injiniya a gidan rediyo ya rubuto mini cewa rumbu ya fi, don kalma ce ta gida, kowa ya san a nan ake kare hatsi daga gara da ɓera. Baba, Allah ya ja kwana, hujjarka tana da ƙarfi, ga shi ma 'yan jarida sun saba cewa rumbun adana bayanai. Amma kai ka fi ni sanin abin da tef ya yi. Bayan yaƙi aka kai na'urar tef ta Jamus Amurka, zuwa 1948 kamfanin Ampex ya fitar da tasa. Murya ta fita tas, ana yankawa ana haɗawa. Sai dai tef yana da tsada, kuma yana gogewa. Shirin makon jiya sai a hau kansa da na wannan makon. Hatta BBC ta goge shirye-shirye masu tarin yawa ta wannan hanya a shekarun 1960 da 1970. Rumbu ke nan sak: a cika da kaka, a kwashe kafin damina ta ƙare, a zuba sabo. Wurin da muke nema wa suna kuwa, an yi shi ne don kada a kwashe.

Ni taska na zaɓa, kuma ba don daɗin faɗa ba. Taska wurin kaya masu daraja ne, tana da mai kula da ita, an san abin da ke ciki. Mafi girman dalilina shi ne tana da aikatau a shirye: taskace. An taskace shirin. Ba a taskace hirar ba. Gwada haka da rumbu ka ji yadda harshe zai harɗe. Kuma taskacewa ta fi ajiya nauyi. Wanda ya tura kwali ƙarƙashin gado ya ajiye. Wanda ya rubuta ranar da aka watsa shiri da sunan mai magana a jikin kwalin, ya yi kwafi ya kai wani wurin daban, shi ne ya taskace. Babban laburaren majalisar dokokin Amurka yana riƙe da faifai kusan 150,000 na NBC, kuma jerin sunayen da ke tare da su ne ya sa ake iya gano abin da ake nema a ciki.

Wata malama daga Bukuru ta ce to a ce taskar murya. Hajiya, na so hakan, amma kalangu da kotso da algaita ba murya ba ne, haka ma kiɗan da ake buɗe tasha da shi. Sauti ya game duka. Taskar sauti.

Ta kuma tambaya ko kalmar za ta hau kan na mutum ɗaya. Za ta hau. A Amurka masu sha'awa ne suka tsinto faifai daga abin da tashoshi suka zubar, suka juye su a tef suna musaya ta gidan waya a shekarun 1960 da 1970. Mu ma haka. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris 1957, gidan rediyon Kaduna ya zo a 1962, kuma tsofaffin waƙoƙi da hirarraki da yawa da ke yawo yau a WhatsApp da YouTube, wani ne ya danna jan maɓallin rikodarsa a ɗaki yana sauraro. In ka kasa kunne wani lokaci har kukan zakara za ka ji a bayan mawaƙin. Mai irin wannan kwalin kaset, in ya jera ya rubuta, taskar sauti gare shi.

Saura guda da ban yanke ba: mayar da tef ko faifai zuwa kwamfuta. Masu sayar da waƙa a kasuwar Taminus ta nan Jos suna cewa turi. Ni juyewa ta fi kwanta mini, don aikin ya wuce tura fayil daga waya zuwa waya. Tsohon tef yakan sha raɓa ya yi danƙo, ya riƙa ƙugi yana barin baƙin datti a kan injin, har sai ƙwararru sun gasa shi a hankali na awoyi a zafin da bai wuce digiri 55 ba kafin ya karantu. Baba injiniya, ku da kuka yi aikin da hannunku, me kuke ce masa a ɗakin naɗi?