Ranar da kuka fara nuna wa mutane kod ɗinku (umarnin da kuka rubuta wa kwamfuta), yaya aka ƙare?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan ina koyon Python, yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta, a waya da manhajar Pydroid 3, tunda ba ni da kwamfuta. Ina cikin rukuni uku na masu koyo, amma ban taɓa cewa uffan ba. Jiya na rubuta tambaya na goge har sau uku. Ku da kuka riga mu, yaya kuka yi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni kwana biyu na yi ina fama da wani saƙon kuskure mai suna IndentationError, kunya ta hana ni tambaya. Da na gaji sai na ɗauki hoton fuskar kwamfutar na tura, hoton ma duk ya yi dishi-dishi. Wani ya ce, Hajiya ki kwafo rubutun ki liƙa, ba ma gani. Ina liƙawa wata yarinya, ina jin na isa in haife ta, ta ce layi ɗaya na bar masa gurbi uku a farkonsa, sauran kuwa huɗu. Ashe Python da wannan gurbin yake gane layukan da ke tare. Kwana biyu a kan gurbi ɗaya! Na yi dariya har yara suka leƙo ɗaki.

Na Zariya: Kar a yi masa daɗin baki, ba ko'ina ake tarbar mutum haka ba. Tambayata ta farko a wani babban shafin tambayoyi na Turanci na yi ta. Cikin minti goma aka rufe, wai an taɓa yin irinta, babu ko sannu. Wata guda ban sake buɗe kwamfuta ba. Daga baya na ga ni ma da laifina, don abin da na rubuta kawai shi ne "ba ya aiki, a taimaka". Yanzu sai na fara zuba saƙon kuskuren a Google. In ban samu ba, in faɗi abin da nake so ya faru da abin da ya fito, in rage kod ɗin ya koma layi goma. Wani abin mamaki, rabin lokaci wajen ragewar nake gano matsalar da kaina.

Auta: Ni dai ChatGPT nake tambaya, ba ya yi wa mutum dariya.

Na Zariya: Haka ne Auta, amma in aka ce ka bayyana layi na biyar na kod ɗin da ya ba ka fa?

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar matsalarmu biyu ce. Da Faransanci muka yi karatu, saƙonnin kuskure kuwa da Turanci suke fitowa, sai ka fara fassara kafin ka san me ake ciki. Da freeCodeCamp, wani shafin koyon kod kyauta, na fara, ina koyon HTML da CSS da ake gina shafukan intanet da su. Abin da ya cire mini tsoro shi ne Hacktoberfest da ake yi duk watan Oktoba, inda ake ƙarfafa mutane su taimaka wa ayyukan kod da ke buɗe ga kowa. Na ga kalma ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a bayanin wani ƙaramin aiki a GitHub, shafin da ake ajiye kod, na gyara, hannuna na rawa. Bayan kwana huɗu mai aikin ya karɓa, ya yi godiya. Har yau hoton saƙon godiyar na cikin wayata.

Ɗan Kurna: To bismillah, ga tawa. Ina so shirin ya tara lamba biyu da mutum ya shigar. Na sa 2 da 3, sai ya ba ni 23.

Maman Ilham: Ai input(), da ke karɓar abin da mutum ya shigar, rubutu yake ɗaukowa ba lamba ba, shi ya sa ya manna su. Saka shi cikin int(), mai mayar da rubutu lamba, ka gwada, muna jira.