Neman shawara kan sayen kyamarar DSLR ta farko

Assalamu alaikum, masana harkar ɗaukar hoto. Bayan shekara biyu ina aiki da waya, ina son sayen kyamarar DSLR, wato irin wadda ake iya canza wa gilashi, amma na kasa zaɓa tsakanin Nikon D3500 da Canon 2000D, waɗanda suka fito a 2018 da megafiksel 24 kowacce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne gilashin kyamara, domin tsohon gilashin 50mm na Nikon mai alamar AF-D, wanda shi kaɗai kuɗina za su iya saya, ba ya saita hoto da kansa a kan D3500. Yawancin hotunana na biki ne cikin ɗaki mai ƙarancin haske. Wacce ta fi dacewa da ni, don Allah?