Neman shawara kan zuba rezin ya fito falle siriri

Mai Kayan Ado, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Ina sana'ar 'yan kunne da maƙalin makulli da rezin na efoksi, wato ruwan da ake haɗawa da sinadarin daskarwa ya taurare kamar roba, kuma yanzu ina so in riƙa zuba shi falle guda mai faɗi wanda kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, domin in yanka siffofin da nake so. Abin da ke fitowa shi ne falle mai kauri a gefe guda, samansa na danƙo, ga ƙura ta zauna a kai. Don Allah masu sani su yi mini bayani.

Kafinta, Panteka:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kaurin gefe guda daga teburi yake, domin rezin kafin ya daskare gangara yake bi kamar ruwa, kuma a falle siriri ko karkatar da ido ba ya gani sai ta bayyana. Ki ari ma'aunin da magina ke ɗorawa a kan bulo, mai ƙwayar iska a tsakiya, ki gwada teburin ta tsawo da ta faɗi, ki cusa kwali ƙarƙashin ƙafar da ta gaza. Sannan ki lissafa abin da za ki zuba tun kafin ki buɗe kwalba: fallen santimita 30 a kan 30 mai kaurin milimita 2 yana cin mililita 180. Idan haɗin naki na ɗaya da ɗaya ne, 90 na rezin da 90 na sinadarin daskarwa. Idan na biyu da ɗaya ne, 120 da 60. Ki duba jikin kwalba ko awon na mililita ne ko na sikeli, domin ruwan biyu nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ki zuba a kan shimfiɗar silikon, wato wata roba mai taushi, ko leda mai kauri da aka miƙar sosai, tunda ba ya kama su.

Malama, Barnawa:
'Yar'uwa, abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma danƙon yana da wani dalili da mutane ba su cika lura da shi ba. Rezin da zafin da yake haifarwa da kansa yake ƙarasa daskarewa. Idan yana da kauri, zafin na taruwa a ciki; idan kuwa an baje shi siriri, zafin na ficewa nan take, sai ya ɗauki lokaci fiye da abin da aka rubuta. Shi ya sa irin da ake sayarwa domin zubi mai zurfi bai dace da wannan aiki ba, irin na shafen saman teburi ya fi. Kuma kada ki ƙara sinadarin daskarwa da nufin ya yi sauri, domin hakan ƙara lalata shi yake yi. Ki gauraya a hankali na minti 3 zuwa 5, kina kankare gefe da gindin kofi.

Yanayinmu ma yana da hannu. Sanyin asubahin Disamba da Janairu yana jinkirta shi, ƙurar hunturu kuma ba ta da magani sai a kifa kwali mai tsabta a kai da zarar an gama zubawa. A watan Agusta kuwa, laimar iska kan bar wani maiƙo ko hazo a samansa. Lokacin yanka shi ne sa'ad da ya daina kama yatsa amma yana lanƙwasuwa, a nan almakashi ke ratsa shi ba tare da ya tsage ba. Bayan yankan ki kwantar da guntayen a shimfiɗe har kwana 3 su gama daskarewa.

Mai Kayan Ado, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Shin zan iya zubawa a kan gilashi domin ya fi santsi?

Kafinta, Panteka:
A kan gilashi tsirara, a'a, Hajiya, domin zai manne har sai ɗayansu ya fashe. Ki sa gilashin a ƙasa saboda miƙewarsa, ki ɗora silikon mai sheƙi a kai, tunda rezin yana kwafe fuskar duk abin da ya kwanta a kansa. Ki sa safar hannu, ki buɗe tagogi yayin gaurayawa, kuma ki ɗaura takunkumi idan za ki goge gefuna, domin yawan taɓa ɗanyensa yana jawo ƙaiƙayin fata da kan dawo duk lokacin da aka sake taɓa shi.