Neman kalma: me za mu kira résidanat na masana magani da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Kalmar da nake nema yau ita ce wadda Faransanci ke kira résidanat, wasu ƙasashen su ce internat, masu Ingilishi kuma su ce rezidensi. Ina nufin horon da farmasiyen, wato masanin magani, ke shiga a asibiti, a ƙarƙashin manya, don ya ƙware a kan maganin marasa lafiyar da ke kwance. Iyayen yaranmu na Garwa da Marwa da Njamena in an tambaye su me ɗansu yake yi, sai su ce "yana sitaj", wato ɗan horon sabon shiga, ko "tana ƙaro karatu". Duk biyun ba su faɗi abin ba, na farkon ma rage wa yaron daraja yake yi. Na riga na jefa wannan tambaya, wasu 'yan uwa sun kawo shawarwari da ƙorafi, zan amsa musu ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a raɗa suna, a ga jaririn tukuna. A nan Kamaru karatun farmasi shekara 7 ne, a Yawunde ko Duwala ko Dschang. Yaro ya kare kundin bincikensa, ya yi rantsuwar Galien ta masana magani, ya zama dakta. Daga nan mafi yawa kanti suke nufa ko kamfanin rarraba magani. Kaɗan ne ke zaɓar asibiti, su ne nake magana a kansu. A Aljeriya ana shiga horon ne ta konkur, wato jarrabawar gasa, bayan an karɓi digiri. A Faransa konkur ɗin a shekara ta 5 ta karatu ake yinsa, wanda ya ci ya yi shekara 4 yana sauya sashe duk wata 6, ana biyansa albashi. Dakar da Abijan ma suna da irin wannan konkur. A Amurka shekara ɗaya ce ta gama-gari bayan digiri, mai so ya ƙara ta biyu a fanni guda, kamar ciwon daji ko ɗakin kulawa ta musamman.

Aikin kuwa ga shi. Da safe mai wannan horo yana cikin masu zagayen gadaje tare da likita da ma'aikatan jinya, fayil a hannu. An kawo yaro mai kilo 14 da zazzabin cizon sauro mai tsanani, an rubuta allurar artesunat. Babba ana ba shi miligiram 2.4 a kan kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ne. Farmasiyen ɗin shi zai lissafa ya ce miligiram 42, ya tabbatar an narkar da kwalbar miligiram 60 da ruwan bikarbonat ɗinta kafin a ƙara ruwan gishiri, an zuƙi mililita 4.2, an kuma rubuta lokacin allura ta biyu bayan awa 12 da ta uku a awa 24. Gado na gaba mai tarin fuka ne da ke shan maganin ƙanjamau. Rifamfisin, maganin tarin fuka, yana sa hanta ta yi saurin kawar da dolutegirabir, maganin ƙanjamau, don haka sai an ƙara masa wata ƙwayar dolutegirabir miligiram 50 da yamma, in ba haka ba cutar ta samu ƙofa. A ɗakin jarirai shi ne zai hana a haɗa seftiriyakzon, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ƙarin ruwa na Ringer saboda sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan. In watan Afrilu ya kama, zafin Garwa ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, hankalinsa na kan firjin da insulin da allurar oksitosin ta masu haihuwa suke ciki, wanda bai kamata ya fita daga digiri 2 zuwa 8 ba. Duk wannan yana yi ne wani babba na duba bayansa, yana tambayarsa dalili, yana gyara masa.

To wannan mutumin da wannan lokaci na rayuwarsa nake nema wa suna.

Malam daga Mubi, na gode, kai ka fara kawo "sanin makamar aiki". Kalma ce mai kyau, amma tana da mai ita. A wajenku ita ake faɗa wa shekara ɗayar nan da sabon farmasiyen ke yi kafin a ba shi cikakken lasisi, mu kuma ita ce daidai da sitaj ɗinmu. Mai sanin makamar aiki yana koyon inda ake kama fartanya ne. Wanda nake magana a kansa ya wuce nan, an riga an damƙa masa gadaje. In muka ba su suna ɗaya, mun rufe bambancin da muke son jama'a su gani.

Mutum biyu sun ce a bi Turancin sawu da ƙafa, a ce "zaman asibiti" ko "kwanan asibiti". Asalin kalmomin haka yake kuwa. An kafa internat a asibitocin Faris a 1802, ana kiran ɗalibin da ke kwana a cikin asibiti interne, mai komawa gida externe. Asibitin Johns Hopkins na Amurka da aka buɗe a 1889, inda babban likita William Osler ya yi aiki, shi ma matasan likitocinsa a cikin ginin suke zaune, daga nan sunan ya samo asali. Wato su Turawa wurin kwanan mutum suka duba suka sa masa suna. Amma ku gwada a Hausa: ka ce wa maƙwabciya "Ai 'yata tana zaman asibiti", kafin ka rufe baki ta ce subhanallahi, me ya same ta, gobe kuma ta dama kunu ta tafi dubiya. Internat ɗin kansa a kunnenmu na nan makarantar kwana ce ta 'yan lise, wato sakandare. Wannan hanya ba ta ɓullewa.

Baba na Marwa, Allah ya ƙara girma, shawararka ita ta fi tsayar da ni. Ka ce "gardanci". A tsangaya akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, sannan malam. Gardi ya yi nisa, yana biya wa ƙanana karatu, yana duba allunansu, shi kuma yana ɗaukar nasa a gaban malam. Wallahi tsarin ɗaya ne sak: mai koyo ne kuma mai ɗauke da nauyi a lokaci guda, abin da babu wata kalmar boko da ta kama shi haka. Inda na tsaya, Baba, shi ne kunnen mutanen yau. Da yawa in sun ji gardi, mai wasa da kura da maciji suke gani a kasuwa, ko ƙaton da ba shi da aikin yi. Sannan rabin masu wannan horo mata ne ko fiye, a abin da nake gani da idona, ba na jin akwai wadda za ta so a kira ta da macen wannan kalma a gaban marasa lafiya. Zan riƙe misalinka don yi wa dattawa bayani, amma ba zan sa shi a takarda ba.

Sai "neman ƙwarewa". Wannan ba mu muka ƙirƙira ba. Duk mai sauraron sashen Hausa na BBC ko gidajen rediyon Kano da Kaduna ya sha jin "likitoci masu neman ƙwarewa" duk lokacin da ƙungiyarsu ta Najeriya ta shiga yajin aiki. Kalmar ta riga ta zauna, har nan Garwa ana gane ta, kuma ba na son mu rushe abin da ya ginu. Ga mutum ta yi daidai: farmasiyen mai neman ƙwarewa. Ga shirin kansa ne take da gajarta. Neman ƙwarewa ba shi da ranar shiga ba shi da ranar fita. Tela yana yinsa, direba yana yinsa, ni ma har gobe ina yinsa. Abin da muke magana a kai kuwa yana da konkur, yana da adadin shekaru, yana da malami, yana da takardar shaida a ƙarshe.

Shi ya sa nake ba da shawarar "zaman ƙwarewa". Hausa in tana son ta nuna wani yanayi da mutum ya shiga na ɗan lokaci, mai dokokinsa, wanda kowa ya san zai ƙare, da "zama" take faɗa: zaman jego, zaman makoki, zaman jinya. Ana shiga, ana fita, wanda ke ciki kuma an san an ɗauke masa wasu abubuwa an ɗora masa wasu. Ga shi kuma ta riƙe ƙwarewar da rediyo ya riga ya koya wa mutane. Ku ɗora ta a harshe ku ji: ta ci konkur, ta shiga zaman ƙwarewa. Yana shekara ta biyu a zaman ƙwarewa. Sun gama zaman ƙwarewarsu a Dakar sun dawo. Ban ji inda ta yi tuntuɓe ba.

Yaya ma'aikaciyar jinya daga Ngaundare, na ji ƙorafinki, kuma mai nauyi ne. Kin ce yaran nan a tsaye suke yini, su kwana gadi, ta yaya za a ce suna zama, kalmar da ke tuna wa mutum zaman banza da zaman kashe wando. Yaya, ke kin fi ni sanin mai zaman jinya. Ita ce mai wanki, mai dafa ruwan zafi, mai gudu farmasi da takardar magani da tsakar dare, mai juya mara lafiya. Ba ta ganin tabarma sai asuba, amma ba wanda ya taɓa jin "zaman jinya" ya ɗauka hutu take yi. Abin da ya biyo bayan "zama" shi ke ba shi launi.

Wani ƙanena ya ce me zai hana "zaman gogewa". Gogewa shekaru ke kawo ta, ko da malami ko babu. Mai sayar da magani a bakin tasha ma gogagge ne a irin tasa. Ƙwarewa ita ake koyarwa a jarraba, a ba da shaida.

Ɗan uwa daga Kusiri ya tambaya wa zai yi amfani da kalmar, tunda a asibitocinmu Faransanci ake yi, a waje kuma Fulatanci ko Larabcin Cadi. Gaskiya ne tsakanin ma'aikata ba za a daina kiran mai wannan horo rezidan ba, ba kuma shi nake so in canza ba. Inda nake nufi shi ne bakin gado da tsakar gida. Na sha ganin yarinya ta yi bayanin magani daidai, ta ce a daina haɗa wannan ƙwaya da jiƙon da aka kawo daga gida, sai wani ya ce ai 'yar sitaj ce, a jira babban likita. Da wannan kalma ɗaya shawarar ta tashi a banza, jiƙon kuma aka ci gaba da shi a ɓoye. A gida ma haka: in aka ce "tana ƙaro karatu", dangi su fara cewa wannan boko ba ya ƙarewa ne, yaushe za ta fara aiki, alhali aiki take yi, rayuka na hannunta. Don Allah, ko wace kalma kuka zaɓa, kada ku kira su ɗalibai a gaban majinyata.

Saura rabin sunan, wato shi farmasiyen na asibiti da ke bin gadaje. "Mai magani" ba zai yiwu ba, na gargajiya ne ko mai talla a faranti. "Mai kemis" kanti ne. "Mai harhaɗa magunguna" da jaridu ke rubutawa ya dace da mai aiki a ɗakin haɗi, shi kuwa wannan yawancin aikinsa lissafi ne da sa ido da ba da shawara. Ni "masanin magani na ɗakin jinya" nake faɗa, mace "masaniyar magani". Yana da ɗan tsawo, in an saba sai a yar da wutsiyar.

Saboda haka a rubutuna daga yau shirin zaman ƙwarewa ne, mai yinsa masanin magani mai neman ƙwarewa, jam'i masu neman ƙwarewa. Babban da ke duba aikinsa kuwa ba sai mun ƙirƙira masa komai ba, malaminsa ne, haka yaran ma suke kiransa.