Dan Allah a ba ni shawara: in haƙa kandami a filina ko in koma bakin tafkin Bosomtwe?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya hana ni barci tun bayan babbar sallah. Ni kayan mota nake sayarwa a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota a Kumasi ta Ghana, shekaru sun fara ja kuma babban ɗana ya iya riƙe shago ko ba na nan. A gidan gado muke zaune a Aboabo, duk wanda ya san wajen ya san yadda muke kwana in damina ta kankama, gota ta cika ta dawo mana da leda da ƙazanta har bakin ɗaki, ga yawan mutane ga hayaniya, wallahi na gaji.

A Yeji aka haife ni. Babanmu Allah ya jiƙansa fataucin banda yake yi, ya saya wurin masunta ya loda a mota ta Atebubu da Ejura har Kumasi. Shi da idonsa ya ga lokacin da ruwa ya taso bayan an gama dam ɗin Akosombo a 1965, mutane suka kwashe kayansu suka matsa tudu, yakan tsaya a gaɓa ya nuna mana da sandarsa ya ce can ƙarƙashin ruwan nan akwai gidajen mutane. Mu tafkin Volta muka tarar. Bayan sallar asuba nakan je in zauna kan kwalekwalen da aka kife ina kallon fanton, jirgin fiton motoci da mutane, yana shirin ƙetarawa Makango, mata suna hura wutar banda hayaƙi ya kwanta a kan ruwa, har sai an aiko a kira ni makarantar allo. Bayan rasuwarsa kawunmu ya kawo ni Kumasi ya sa ni koyon aiki, gidan Yeji aka sayar aka raba, tun lokacin ban sake zama kusa da ruwa ba amma abin bai fita raina ba.

To yanzu abu biyu ne a gabana. Ina da fili a bayan Ejisu, ƙasansa gangare ne da ke riƙe ruwa, mutane suna ce min in gina gida a sama in haƙa kandami a ƙasa in zuba kifi. A ɗaya gefen kuma wani abokin aikina ɗan wajen Bosomtwe ne, ya kai ni wani wuri kusa da ƙauyen Abono, daga filin kana ganin tafkin gaba ɗaya da duwatsun da suka zagaye shi, odikro, wato sarkin ƙauyen, ya ce zai ba ni. Ba zan iya biyun ba, sai na sayar da na Ejisu. Wanne zan yi?

Alhaji Mai Tarwada:
Wa alaikumus salam. Ƙanena wannan ai ba abin hana barci ba ne, kandami za ka haƙa, magana ta ƙare. Ni wannan harkar nake ciki a hanyar Mampong, abin da zan faɗa maka da hannuna na yi shi. Gobe ka je filin ka haƙa rami zuwa ƙugu a wajen gangaren, ka cika shi da ruwa ka dawo jibi, in ruwan bai tsotse sosai ba ƙasar tana da laka. Ka kuma dunƙula jiƙaƙƙiyar ƙasar a hannu ka jefa sama ka cafe, in ba ta wargaje ba ka samu wuri. Zurfi mita 1 zuwa 1 da rabi ya isa, ka zuba farar ƙasa kafin ka sa ruwa, ka zagaye da raga saboda kwaɗi da guza da tsuntsaye. Tarwada za ka fara da ita kar ka taɓa karfasa tukuna, tarwada tana da jimiri tana leƙowa sama ta shaƙi iska, wata 5 zuwa 6 ta kai ta sayarwa in ka ciyar da ita yadda ya kamata. Sai dai ka riƙa ware manya daga ƙanana don suna cinye junansu. Matan da ke sayar da adwene, wato tarwada da Asantanci, a kasuwa har gona suke biyo mu. Tafki kuma na kowa ne, ko ka zauna bakinsa shekara 50 ba naka ba ne.

Ɗan Aboabo:
Na gode Alhaji Allah ya ƙara girma. Amma ni ba kasuwancin kifi ne ya dame ni ba, ruwan nake so in gani. Na je gonar wani na ga nasa kandamin, ruwan kore shar kuma yana wari, mutum ba zai iya shimfiɗa tabarma a gefensa ya sha shayi ba.

Alhaji Mai Tarwada:
Wannan bai iya ba ne, yana cika musu abinci kuma ba ya canja ruwa. Ka zo ka ga nawa. Kuma kallon ruwa zai biya maka kuɗin makarantar yara?

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai ɗan uwa tambaya ɗaya ce, me maiɗakinka ta ce? Duk rubutun nan ban ga inda ka ambace ta ba. Ina faɗin haka ne don ni abin ya faru da ni, maigidana ya tashi rana ɗaya ya haƙa rami a bayan gida a Kenyasi ba tare da ya shawarce ni ba, wai na kifi, da farko kullum yana can, da abincin kifi ya yi tsada sai ya watsar, ramin ya zama gidan sauro, a shekarar nan yaran nan babu wanda bai kwanta zazzaɓi ba, ni ce asibiti ni ce kemis. Wata rana ina tsakar wanki na nemi ƙaramin na rasa, ashe yana bakin ramin ƙafarsa ɗaya a cikin laka yana miƙa hannu zai ɗauko takalminsa, har yau in na tuna jikina rawa yake. Sai da na kai ƙara wurin yayarsa kafin aka cike ramin, kuma har yau kuɗin adashina da ya ara ya sayi injin jan ruwa bai dawo ba, in na yi magana a ce ba ni da haƙuri.

Alhaji Mai Tarwada:
Hajiya Allah ya ba ki haƙuri amma kandamin da ke da kifi ba ya tara sauro, kifin na cinye tsutsar. Wanda aka watsar ne ke kawo matsala. Yara kuma katanga ake yi da ƙofa a sa kwaɗo.

Maman 'Yan Biyu:
Alhaji ai shi ma haka ya ce, za a yi katanga. Ba a yi ba.

Direban Yeji:
Kawu ni duk sati ina hanyar Yeji, in dai ruwa kake so me zai kai ka Bosomtwe cikin mutanen da ba ka sani ba, ka dawo gida mana. Zango na nan, masallatai na nan, akwai dattawan da suka san babanka. Sai dai in faɗa maka gaskiya Yejin da kake tunawa ta canja, bakin ruwa yanzu cunkoso ne da ƙarar inji, kuma kututturan itacen da ruwa ya shanye tun wancan lokacin suna nan a ƙasa, su ke fasa kwalekwale in ruwa ya ja. Ga tsargiya, yaran da ke wanka a gaɓa da yawa fitsarin jini suke yi. Mu direbobi ma muna fama, motata ta sha gyara saboda hanya kuma mai motar ba ya son jin haka, kullum cewa yake ni ne ba na lura.

Ɗan Aboabo:
Yeji ta yi nisa da shago ɗana, ina so in riƙa leƙawa Magazine. Bosomtwe kilomita 30 ne da ɗan abu daga Kumasi, ta Atonsu da Kuntanase ka isa. Hajiya maganar iyali kuma mun yi magana, za ta fahimta in sha Allah.

Maman 'Yan Biyu:
"Za ta fahimta" ke nan ba ta yarda ba.

Ɗalibi daga Tech:
Baba da izininka in ɗan sa baki duk da ni yaro ne. Mun je Bosomtwe aikin makaranta daga jami'armu ta Tech da ke Kumasi. Tafkin rami ne da wani dutse daga sama ya faɗo ya haƙa sama da shekara miliyan 1 da suka wuce, faɗinsa wajen kilomita 8, tsakiyarsa ya kusa mita 80 zurfi, kuma babu kogin da ke fitar da ruwa daga cikinsa, ruwan sama da ƙananan rafuka ke cika shi rana ke rage shi. Shi ya sa yake hawa yake sauka, akwai ƙauyukan da a da sai da suka matsa sama saboda ruwa ya ci wurarensu. Ka tambayi tsofaffin wajen inda ruwa ya taɓa kaiwa kafin ka sa bulo ɗaya. Na biyu tun 2016 UNESCO ta sa wajen cikin wuraren da ake karewa, kuma dama akwai tazarar da ake so a bari tsakanin gini da gaɓa, don haka ka je asambule, wato ofishin gunduma, a Kuntanase ka tabbatar filin ana bari a yi gini a kansa. Na uku ƙasar sarauta ce, tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da irinta sayarwa ta har abada, haya ce ta shekaru, kuma takardar alokeshan, wato ta ba da fili, da odikro zai ba ka ba ita ce ƙarshen magana ba, sai ka yi bincike a Lands, ofishin filaye na gwamnati, ka ga ko ba a ba wani ba.

Alhaji Mai Tarwada:
Ka ji ko? Abin da nake faɗa ke nan yaro ya faɗa da boko. Filinka na Ejisu yana hannunka, Ejisu kullum gari ƙara buɗewa yake, ka sayar yau bayan shekara 3 ba za ka iya sayen rabinsa ba.

Ɗalibi daga Tech:
Alhaji ni ban ce kandami ya fi ba. Shi ma in filin fadama ce ko hanyar ruwa, damina ɗaya za ta kwashe kifin ta kai gonar maƙwabci, kuma in da rani bohol zai dogara da shi to kuɗin wuta ne, in an ɗauke wuta kuɗin man janareto ne. Abincin kifi shi kaɗai ke cinye fiye da rabin abin da ake kashewa.

Alhaji Mai Tarwada:
Ɗana kai a takarda ka karanta, ni a laka na koya.

Malamin Asawase:
Salamu alaikum. Ana ta maganar ƙasa da kifi ba wanda ya tambayi sallah. Malam akwai masallaci kusa da filin? Ina za ka yi Juma'a, ina yara za su yi islamiyya, in ta Allah ta kasance cikin dare wa zai yi wanka wa zai yi sallah, makabartar Musulmi tana ina? Mutumin da ya saba in ya yi tari maƙwabci ya ji, zama a inda ba jama'arsa ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga mace da za ta wuni ita kaɗai. Sannan ka san Asantawa wurin nan mai tsarki ne a wurinsu, suna da al'adunsu a kansa, masuntan ma kan guntun katako suke hawa wanda suke kira padua suna tuƙi da hannu. Ban ce za su hana ka addininka ba, muna zaune lafiya da su tun kakanni, amma baƙo dole ya san dokar gari. Mu nan ma islamiyyarmu rufin ya yi shekaru yana yoyo, an yi ta alkawari a wurin biki da suna ba wanda ya cika, in masu hali duk suka tashi suka koma daji wa zai gyara Zango?

Hajiya daga Nima:
Ni da bakin ruwa har abada. Ƙanwata tana aure a Mepe, da aka saki ruwan Akosombo a 2023 da kayan jikinsu kawai suka fito, a aji suka kwana makonni, firij da keken ɗinkinta duk sun tafi. Ɗan uwa ka zauna a tudu.

Ɗan Aboabo:
Hajiya Allah ya mayar musu da alheri, amma Mepe ƙasan dam take, Bosomtwe babu dam, kuma filin a kan tudu yake sai ka gangara kafin ka taɓa ruwa. Malam maganarka ta shige ni, amma ina da mota, Juma'a zan iya fitowa, kuma wanda ya gina gida zai iya gina ɗan masallaci a gefe. Zangon nan da muke ciki ai wani ne ya fara sauka shi kaɗai.

Direban Yeji:
Kawu wane rana ka je wajen? Ka koma ranar hutu kamar Ista ko 6 ga Maris ka gani, bas bas ake zuwa daga Kumasi da manyan sifika, kiɗa har dare, Abono ba wurin taka ƙafa. In shiru kake nema ka gwada kwana can a irin ranar tukuna. Gangaren nan daga sama zuwa Abono kuma da daddare in mutum ba lafiya ba wasa ba ne.

Alhaji Mai Tarwada:
Ƙanena ka faɗa mana nawa ne a hannunka in lissafa maka komai, haƙa da 'ya'yan kifi da abinci har girbin farko. In ma kallo kake so sai a yi guda biyu, ɗaya na tarwada ɗaya ka zuba karfasa kaɗan ka shuka kwakwa a gefe ka sa benci.

Ɗan Aboabo:
Maganar kuɗi a bar ta tukuna Alhaji. Kandami komai girmansa daga nan kana ganin ƙarshensa, ni abin da nake nema daban ne. Kuma don kar in ɓoye muku, na riga na kai wa odikro kuɗin goro ta hannun abokin nawa tun watan jiya, don an ce akwai wani daga Accra da ke son wurin, ban ga laifin riƙe wuri ba kafin a gama shawara.

Ɗalibi daga Tech:
Baba an ba ka rasit? Safiyo ya auna filin?

Maman 'Yan Biyu:
To ita ta san ka kai kuɗin?

Alhaji Mai Tarwada:
Kuɗin goro a bar musu sadaka. Asabar ina gona, ka zo da safe ka ga lokacin da ake ba su abinci, daga nan mu wuce Ejisu da diga mu gwada ƙasar.

Ɗan Aboabo:
Asabar akwai suna a gidanmu Alhaji, sai dai wani satin. Rasit abokina ya ce zai karɓo min. Dan Allah akwai wanda ya san mai sayen fili a wajen Ejisu, ina so in ji farashi ne kawai.