Fim ɗin da nake rubutawa yana mutuwa a tsakiya, ku ba ni shawara

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ina fama da rubutun fim ɗina na farko. Da rana ina shagon yayana a Kantin Kwari, sai bayan Isha'i nake samun zama. Labarin Hajara ne, matar wani marini a Ƙofar Mata. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku, ƙannensa kuma sun matsa a sayar da gidan a raba gado. Farkon ya zo mini da sauƙi, shafi 22, kuma na san inda zai ƙare. Tsakiyar ce ta gagara. Hajara ta yi kuka a ɗaki, ta yi kuka a tsakar gida, ƙawarta ta zo ta ba ta haƙuri, shi ke nan. Na kai wa wani darakta a titin Gidan Zoo, ya ce in saka waƙa biyu. Raina bai kwanta ba, domin matar nan na san irinta, gwaggona ce ta sa na fara rubutun.

Anti Mai Alƙalami:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Waƙa ba za ta tayar da shi ba. Duba abin da ka faɗa: an rasu an bar ta, an matsa mata, an ba ta haƙuri. Komai yi mata ake yi. Ita me ta tashi ta yi? Mai kallo yana tausayin mai kuka na minti biyar, amma wanda ya ɗaura ɗamara shi yake bi har ƙarshe.

Kuma kana zaune a kan abin da zai riƙe maka labarin ba ka lura ba. Takaba wata huɗu da kwana goma ce. Sa dangin su ce sun ɗaga mata ƙafa har ranar da za ta fita, daga nan dillali zai zo. Yanzu kowace fitowa (wato sin) a fim ɗin kwana take ci daga wa'adin. Ga lissafin gadon: ita tana da kashi ɗaya cikin takwas, 'ya'yan mata suna da biyu bisa uku, ragowar na ƙannen mamaci ne, wato kashi 5 cikin 24. Kenan ba mugaye ba ne, haƙƙinsu suke nema, kuma wannan ya fi daɗin kallo. Abin da Hajara take so ya fito fili: ta haɗa kuɗin kason nan nasu ta fanshi gidan, ga ta kuma mai takaba, ba ta da sakewar yawo. Za ta sayar da ɗan kunnenta na gwal? Za ta koma ɗaurin zanen da ake kai wa marina, tana aika babbar 'yarta da shi? Wa zai ba ta bashi, me zai nema a madadi? Tsakiyarka ke nan, kowane yunƙuri ya ci mata wani abu.

Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. A fim na minti 90, tsakiya tana cin wajen 45, farko da ƙarshe su raba ragowar, don haka shafi 22 ɗinka daidai ne.

Baba Na Fagge:
Yaro, mu da muka yi kallo a gidajen sinima na Plaza da El Dorado mun koyi wani abu daga fim ɗin Indiya. Suna yanka fim gida biyu, kuma dab da hutun rabi sai wani abu ya faru da zai juya labarin, don kada ka tafi gida. Nemi naka. Wataƙila a nan Hajara za ta gano mijin ya bar bashi, kuma ka san sai an biya bashi ake rabon gado.

Ka daina kallo kana kishingiɗe. Ɗauki fim ɗin da kake ƙauna, riƙe biro, duk fitowa ka rubuta mintin da ta fara, wa ke son me, wa ya hana shi. Sannan ka kashe sauti ka sake kallo. Fitowar da ka gane ba tare da magana ba, ita ce marubuci ya yi aiki.

Ummin Sadiq:
Ni dai ina ganin labarin ya fi dacewa da mai dogon zango a YouTube, can masu kallo suke yanzu. Amma Anti, kada a mayar da ita jaruma marar hawaye. Wadda ta yi takaba ta san akwai daren da ba a iya komai.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Anti, batun kason ƙannen ya buɗe mini ido, da na mayar da Kawu Sale, ɗaya daga cikinsu, azzalumi kawai. Zan ba shi 'yar da zai aurar bayan Sallah, ga kayan ɗaki bai haɗa ba. Ummin Sadiq, zan bar dare ɗaya na kuka, ranar sadakar arba'in. Baba, daren yau zan gwada kashe sautin. Ranar Juma'a kuma zan je Ƙofar Mata in tambayi marina nawa ake biyan mai ɗaurin zane ɗaya, don lissafin Hajara ya zama na gaske.