Ƙanwata na son karatun tsara manhaja, wane kwas za ta cika a JAMB?

Ɗan Jega: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanwata ta gama sakandare, burinta UI/UX, wato tsara manhaja yadda mutum zai yi amfani da ita ba tare da ya ruɗe ba. Wane kwas za ta cika, kuma a ina?

Malam na Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Ta nemi Kimiyyar Kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko ta Gusau, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. A JAMB za ta rubuta Turanci, Lissafi, Fiziks da ƙarin darasi ɗaya, kamar Kemistiri. Ta nemi jadawalin sashen ta duba ko akwai darasin HCI, mu'amalar mutum da kwamfuta, domin nan ne tushen wannan sana'a. In kuma hannunta ya fi faɗawa a zane, akwai sashen zanen masana'antu a ABU Zariya.

Hajiya ta Gusau: Allah ya ƙara sani, Malam, amma darasi ɗaya na zango guda ba ya mai da mutum gwani. Masu ɗaukar aiki kundin ayyuka suke nema. Ta haɗa aiki 3 kafin ta kai aji uku, kowanne da matsalarsa, da mutanen da ta tattauna da su, da zanen farko, da abin da gwaji ya sa ta canza. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a buɗe Figma, manhajar da ake zana fuskar manhajoji da ita, a ranar farko. A'a. Takarda da fensir tukuna, don mai gwaji ba ya jin nauyin kushe zanen takarda, amma in ya ga abu ya yi kyau sai ya yi kara ya ce madalla.

Ɗan Jega: Hajiya, mutum nawa za ta gwada da su?

Hajiya ta Gusau: Mutum 5 a kowane zagaye, ƙanena. Jakob Nielsen, masanin gwajin sauƙin amfani da manhaja, ya nuna cewa biyar na fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Amma su zama masu abin: in manhajar dillalan albasa ce, ta je kasuwar Aliero, ba ɗakin kwanan ɗalibai ba. Ta ba mutum aiki guda, misali “tura wa abokin cinikinka farashin buhu”, ta kama bakinta ta lura da inda yatsansa ya tsaya. Da ta nuna masa wurin dannawa, gwajin ya lalace.

Injiniya na Zuru: Ga ma'aunan da zan ƙara. Faɗin allo 360dp (dp ma'aunin girman abu ne a allon waya) za ta fara da shi, irin na ƙananan itel da Tecno. Madanni kada ya gaza 48dp. Bambancin launin rubutu da na bayansa ya kai 4.5:1 kamar yadda ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet ta tanada, in ba haka ba rubutu mai ruwan toka ɓacewa yake a hasken ranar Afrilu. Sannan ta gwada ɓ, ɗ, ƙ a salon haruffan da ta zaɓa. Da yawa akwati suke nunawa a madadinsu. Salon haruffan Noto Sans na ɗauke da su. Laftof mai RAM 8GB ya isa, sai dai Figma na son intanet, a yi tanadin data.

Malam na Birnin Kebbi: Kada kuma ta guje wa HTML da CSS, harsunan gina shafin intanet. Wanda bai san yadda ake gina shafi ba yakan zana abin da ba zai ginu ba. Ta nemi wurin SIWES, wato horon aiki na ɗalibai a ma'aikatu, da wuri, inda ake ƙera manhaja, ba ofishin da za a zaunar da ita tana buga takardu ba. Shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ma yana da ɓangaren UI/UX, ta riƙa bibiyar lokacin rajista.

Ɗan Jega: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yau zan tura mata, gobe mu zauna kan fom ɗin.